Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Gwamna Umar Namadi: Wa Ke Riƙe da Yaran Dutse Bayan An Tashi Makaranta?

Mai girma Gwamnan Jihar Jigawa, Malam Umar Namadi Ɗanmodi,

 

Ranka ya daɗe, na ɗauki alƙalami ne a kan wasu sa'o'i da ba su da mai su a garin nan. Suna farawa wajen ƙarfe 2 na rana, lokacin da mai gadi zai ja ƙyauren makaranta ya datse da kwaɗo, su miƙe har kiran sallar magariba. A ɗora musu yammacin Alhamis da na Juma'a, a ɗora dogon hutun damina. A cikin waɗannan sa'o'i ne yaron Dutse ke zaɓar abokai, ya koyi sana'a ko ya saba da zaman banza, ya fara buɗe littafi don ra'ayin kansa ko ya fara zuƙar abin da zai raba shi da hankalinsa. Amma in mutum ya zaga sakatariya ofis-ofis yana tambayar wa ke da alhakinsu, kowa ƙofar maƙwabcinsa zai nuna masa.

Tun da ka sha rantsuwa ranar 29 ga Mayu, 2023, ba wanda zai ce ka yi wa ilimi riƙon sakainar kashi. An raba ma'aikatar ilimi gida biyu, ilimin matakin farko ya samu ma'aikatarsa da kwamishinansa. Dubban malaman wucin gadi na shirin J-Teach sun zama ma'aikatan dindindin. An kafa hukumar kula da tsangayu. Kason ilimi ne ke kan gaba a kasafin kuɗi. Sai dai duk wannan ɗawainiya, da zarar an kaɗa ƙararrawar tashi, ta tsaya sai gobe. Kai akanta ne, ka kuma riƙe ma'aikatar kuɗi kafin ka zama mataimakin gwamna, don haka bari in yi maka maganar da lissafi. Yaro yana farke kamar sa'a 15 a yini. Boko na cin 6 a ciki, ran Juma'a ma ba ta kai ba, Asabar da Lahadi babu, sannan kusan wata 3 na shekara hutu ne. Ginin da aka kashe wa miliyoyi yana aiki rabin yini, yaron da aka gina dominsa kuma yana gindin katangarsa ta waje.

Na san amsar da za a fara ba ni: ai akwai Islamiyya. Gaskiya ne, kuma ba ƙaramar gaskiya ba. Bahaushe bai jira wani ya zo daga nesa ya tsara wa ɗansa yini ba: allo da asuba, boko da hantsi, Islamiyya bayan la'asar, wasu har da karatun dare. Duk wanda ya tsaya bakin titi a Takur ko Yalwawa ko Fagoji da ƙarfe 4 saura zai ga ayarin yara cikin hijabai da riguna iri ɗaya, jaka a rataye, ana sauri kada a makara. Babu wani shirin gwamnati da ke tara yara da yamma kamar yadda waɗannan makarantu ke tarawa, kuma jama'a ne suka tsayar da su, da ɗan kuɗin wata da sadakar masu hali da haƙurin malaman da ake ba abin da bai kai ya kawo ba. Duk shirin da zai zo ya ci karo da lokacin Islamiyya ya mutu tun kafin a raɗa masa suna, kuma ni ma ina cikin waɗanda za su hana 'ya'yansu zuwa.

Amma Islamiyya ba ta rufe ko'ina ba. Galibinsu ba sa karatu Alhamis da Juma'a. Sannan akwai shekarun da yaro namiji ke sulalewa: da ya kai 13 ko 14, murya ta fara buɗewa, sai ya fara jin kunyar zama aji ɗaya da ƙannensa. Yau ya je, gobe ya ce malam bai zo ba, jibi an daina tambayarsa. Akwai kuma waɗanda suka rubuta jarrabawar ƙaramar sakandare suna jiran a tura su gaba, da waɗanda suka gama WAEC da NECO suna zaman jiran sakamako wata da watanni, wasu shekara guda cur kafin JAMB ta yi musu murmushi. Ɗan babban ma'aikaci ba ya jin wannan gibi. Makarantarsa ta kuɗi tana riƙe shi har la'asar, malamin lesin na jiransa a gida, in hutu ya zo a sa shi ajin kwamfuta. Ɗan mai faci da ɗan mai ga-ruwa su ne ke da yinin da ba kowa a cikinsa, kuma su ne mafi yawa.

Ba a rasa masu cike gurbin ba. A leƙa gidan kallon ƙwallo da yammacin ranar da babu Islamiyya. Rumfar kwano ce, zafi kamar me, bencina a jere, janareta na ruri a baya. Manya sun biya sun shige, ƙananan da ba su da na shiga sun manna ido a ɓular langa-langa, ɗaya na leƙawa yana faɗa wa sauran abin da ke gudana. Yaron da ke tuntuɓe in an ce ya karanta layi biyu na Hausa zai lissafo maka 'yan wasan Arsenal har da na benci, da kuɗin da aka sayi kowanne, da maki nawa ake bukata kafin a ɗauki kofi. Ban ga laifin ƙwallo ba, ni ma ina kallo. Abin da nake gani shi ne ƙwaƙwalwa mai kamawa wadda ba ta samu wanda zai miƙa mata wani abu ba sai mai gidan kallo. A gefen rumfar kuma akwai wani da ke jiran yaron da abin da ya fi ƙwallo tsada.

Ba yau aka fara ambaton sunan jiharmu a wannan babi ba. A 2017 an faɗa a zauren Majalisar Dattawa cewa ana shanye kwalaben kodin sama da miliyan 3 kullum a Kano da Jigawa. Ko da an yi gardama a kan adadin, ba a yi gardama a kan cutar ba, kuma bayan binciken da BBC ta fitar a 2018 gwamnatin tarayya ta haramta haɗa maganin tari mai kodin da shigo da shi. An hana kodin, ba a cike sa'o'in ba, sai tiramol da sholisho da abubuwan da iyaye ba su ma san sunansu ba suka gaje wurin. Ranar 1 ga Agusta, 2024, da zanga-zangar tsadar rayuwa ta rikiɗe a Dutse har aka kai ga ƙone-ƙone da dokar hana fita, duk wanda ya ga hotunan ya ga shekarun da yawa daga cikin masu gudu a gaba. Yunwa ce ta fito da mutane, ban ce wani abu daban ba. Amma yaron da wani babba ke jiransa a wani wuri, ya san sunansa, zai kuma tambayi uwarsa in bai zo ba, yana da wuyar ja fiye da wanda ba mai nemansa sai lokacin tuwon dare.

Dā ba haka abin yake ba, kuma ba don mutanen dā sun fi mu kirki ba ne. Tsari suke da shi. Kowace unguwa tana da dandali, samari suna da sarkinsu, 'yan mata suna gaɗa a idon manya, ana langa ana kokawa, in damina ta faɗi a yi gayya. Yaro kuma yana tashi ne a gindin sana'ar gidansu, maƙera ko rini ko dukanci ko gona. Makarantun gwamnati ma da suka zo ba su tsaya a allo da alli ba. Tsofaffin ɗaliban Kwalejin Gwamnati ta Birnin Kudu da takwarorinta za su ba ka labarin 'yan sikawut, da ƙungiyar matasa manoma mai 'yar gonarta a bayan aji, da muhawara, da wasan kwaikwayo, da gasar guje-guje tsakanin gidaje. Mutane da yawa da ke jawabi yau a gaban jama'a ba tare da gwiwa ta yi rawa ba, a ƙungiyar muhawara suka fara.

Sai Dutse ta zama babban birni. Ranar 27 ga Agusta, 1991, da Janar Ibrahim Babangida ya yanke Jigawa daga Kano, garin bai wuce Garu da 'yan unguwannin da ke gindin duwatsu ba. Ma'aikata suka zo, aka gina rukunin gidaje, aka buɗe Jami'ar Tarayya a 2011, aka yi filin jirgin sama, gari ya miƙe ta ko'ina. Ma'aikacin gwamnati ba shi da maƙerar da zai zaunar da ɗansa, ba zai kuma tafi da shi ofis ba. Maƙwabcinsa baƙo ne daga wata masarauta, ba ya jin yana da hurumin tsawata wa ɗan wani. Filin da yaran unguwarmu ke buga ƙwallo, wata safiya muka tashi muka ga an kafa masa duwatsun awo, bayan wata biyu an zuba bulo. Yanzu a kan titi suke bugawa, suna ɗage duwatsun raga duk lokacin da mota ta taho. Dandali ya tafi, ƙungiyoyin makaranta sun zama suna a takarda, ba a kuma sa komai a madadinsu ba.

Wasu garuruwan duniya sun shiga irin wannan hali sun kuma nemi mafita. Ƙasar Ayislan, can ƙuryar arewacin Turai, mutanenta duka a lokacin ba su kai dubu 400 ba. A 1998 kashi 42 cikin 100 na 'yan shekara 15 zuwa 16 sun ce sun yi maye da giya a watan da ya gabata. Zuwa 2016 adadin ya sauko kashi 5, masu shan taba kullum kuma daga kashi 23 suka koma 3. Gargaɗi a aji sun gwada shi bai yi ba. Abin da ya yi aiki shi ne sun hana yara yawon dare, sun sa iyaye sun ƙulla alkawari a tsakaninsu, sannan suka zuba kuɗi a wasanni da kiɗa da zane na bayan makaranta, har babban birninsu ya riƙa ba kowane yaro kati na shekara da za a biya masa kuɗin ƙungiyar da ya zaɓa. Matsalarsu giya ce, tamu daban, amma ramin da yaro ke faɗawa ɗaya ne. A Shikago ta Amurka, a shekarar da aka haifi Jigawa, matar magajin garin, Maggie Daley, ta kafa tantuna a wani kangon fili a tsakiyar birni, aka haɗa matasa da gwanayen zane da sassaƙa suna koyo ana ba su ɗan alawus, kuma shirin yana nan har yau ya game birnin. Wanda ya fi kama da aljihunmu shi ne na Birazil. A shekarar 2000 UNESCO ta lura cewa a ƙarshen mako ne aka fi kashe matasa a unguwannin talakawa, sai ta fara shirin buɗe makarantun gwamnati Asabar da Lahadi a jihohin Rio de Janeiro da Pernambuco, mutanen unguwa na koyar da abin da suka iya. A 2004 gwamnatin ƙasar ta karɓe shi. Ba su gina komai ba, mabuɗi kawai suka juya. Ina roƙon arziki, kada wannan sakin layi ya zama dalilin tura tawaga Birazil. Kuɗin tikitinsu ya ishe mu farawa.

Roƙona ke nan, ranka ya daɗe: a buɗe makarantun da muke da su. Kowace unguwa a Dutse, daga Limawa zuwa Zai, daga Gida Dubu zuwa Ɗanmasara, tana da firamare ko ƙaramar sakandare da yaro zai isa da ƙafa. A zauna da shugabannin Islamiyyu a fitar da jadawali tare: yammacin Alhamis da Juma'a, safiyar Asabar a inda ba a karatu, da makonnin dogon hutu. Wasu Islamiyyun ma a azuzuwan gwamnati suke karatu da yamma, ka ga ashe an riga an san yadda ake miƙa mabuɗi. Abin da ake bukata ƙanana ne, amma in ɗaya ya ɓace sauran sun rushe: alawus ɗin mai gadi, ruwan sha, ban-ɗaki mai ƙofa, inuwa don watannin bazara da zafi ke haura maki 40, fitilar sola, da babba guda da aka san sunansa wanda zai ɗauki sunayen yara ya kuma amsa tambaya in wani abu ya faru.

Masu koyarwa ba sai an je nema ba. Masu yi wa ƙasa hidima da ke fitowa daga sansanin Fanisau suna da rana guda a mako ta aikin raya al'umma, wadda sau da yawa take ƙarewa a sa hannu a rajista a watse. Ɗaliban Jami'ar Tarayya da na Kwalejin Fasaha ta jiha dubbai ne, da yawansu 'yan garin nan, kuma shugabannin makarantun za su iya mayar da wannan hidima abin da ake ba maki a kansa. Ga malaman da suka yi ritaya suna zaune a ƙofar gida da ilimin shekara 35. Ga 'yan agaji na ƙungiyoyin addini da suka iya fareti da taimakon gaggawa da tsare layi fiye da kowa. Ga tsofaffin 'yan wasan Jigawa Golden Stars.

Farkon abin da zan so a sa a gaba shi ne karatu, don in babu shi sauran ado ne. Akwai yara a aji 5 da aji 6 da ba sa iya haɗa baƙi da wasali, malamin safe kuma ba zai tsaya musu ba saboda manhaja na korarsa. Maƙwabtanmu na Wudil da Dawakin Tofa sun gwada wata dabara da ta samo asali daga ƙungiyar Pratham ta Indiya: a ajiye maganar aji nawa yaro yake, a gwada shi, a zaunar da shi da waɗanda suke mataki ɗaya, masu harafi daban, masu kalma daban, masu jimla daban, a koyar da su da Hausa, a ƙasa a kan tabarma, da tsinke da duwatsu wajen lissafi. Irin wannan aiki yamma ta fi dacewa da shi, lokacin da ba sufeto ba jarrabawa. In yaro ya iya, a sa masa littafi a hannu. Akwati guda na littattafan Hausa a kowace cibiya, irin su Magana Jari Ce da sababbin da marubutanmu ke fitarwa, ya fi babban laburaren da yaro ba shi da kuɗin motar zuwa.

Sai sana'a, kuma a nan zan ɗan daɗe. Mun saba da bikin raba kayan tallafi: a tara matasa a dandali, a horar da su mako biyu, a miƙa keken ɗinki ana ɗaukar hoto, kafin sati ya zagayo wasu kekunan sun isa kasuwa. Laifin ba na matasan kaɗai ba ne. Ba a koyon ɗinki a mako biyu, kuma ɗan shekara 25 mai neman kuɗin aure ba shi da haƙurin da ɗan shekara 13 ke da shi. Hanyar da ta daɗe tana fitar da gwanaye ita ce zama gaban oga, sai dai ita ma tana da ciwonta. Akwai yaron da nake gani a rumfar wani mai gyaran waya. Yana tsaye a bayan ogan, ya ƙura wa allon wayar ido lokacin da ake ɗora dalma a kan abin da bai kai ƙwayar gero ba, hannunsa na motsi a iska yana kwaikwayo. Da ya matso sai a ce ya je ya sayo awara. Wata nawa yana wurin, aikinsa aike da shara da karɓar kuɗin caji. Ogan ba mugu ba ne. Wayar ta mutane ce, in yaro ya ƙona shi zai biya, kuma ba wanda ya ba shi ko sisi don ya koyar.

Nan ne gwamnati za ta shiga da kuɗi kaɗan ta samu riba mai yawa. Hukumar samar wa matasa aikin yi da ka kafa ta zauna da ƙungiyoyin teloli da masu walda da kanikawa da kafintoci da masu haɗa sola, a yi rajistar ogannin da aka yarda da halinsu, a ba kowane yara kaɗan, a rubuta abin da ya kamata yaro ya iya a ƙarshen kowane zango. A ba oga ladan koyarwa da kayan gwaji, matattun wayoyi da guntayen yadi da ƙarafa, sannan wani gwani daban ya zo ya jarraba yaron kafin a biya kashi na gaba. Sharaɗi guda: sai yaro na zuwa makarantar safe. Kada kuma a manta da abin da Allah ya ba Dutse. Cibiyar NIFOR tana da reshen binciken dabino a garin nan, ga kasuwar Shuwarin a bakin ƙofa, amma dabino mai yawa da ake jibgewa a can daga ƙetare yake shigowa. Yara nawa ne a makarantunmu suka san yadda ake raba ɗan dabino daga gindin uwa a dasa, ko yadda ake ɗauko furen namiji a ɗaura wa mace? Haka kwamfuta. Jihar da ta buɗe cibiyar koyon kwamfuta a Kazaure tun zamanin Saminu Turaki bai kamata a ce tana da ɗakunan kwamfuta a kulle ana jiran ranar jarrabawa ba.

Maganar 'yan mata daban take, kuma in ba a yi hattara ba za a wayi gari an yi shirin maza zalla. Yarinya in ta dawo daga boko ba zaman banza ke jiranta ba. Wanke-wanke ne, da raino, da farantin talla. Wannan faranti ba don son rai uwa ke ɗora mata ba. Da shi ake cefane, da shi ake tara kayan ɗaki. Duk wanda ya ce ta ajiye shi ta zo cibiya, sai ya faɗa wa uwar abin da zai maye gurbin cinikin yammacin nan, in ba haka ba sau biyu za ta zo a daina ganinta. A Zariya, Cibiyar Ilimin 'Ya'ya Mata ta shafe shekaru tana tara 'yan mata rukuni-rukuni a cikin unguwanninsu, ƙarƙashin mace malama da iyaye suka sani suka yarda da ita, ana ƙarfafa musu karatu da lissafi da sanin kula da kai da ɗan kasuwanci. Shirin AGILE na Bankin Duniya, wanda Jigawa ta shiga da aka faɗaɗa shi a 2023, yana da ɓangare irin wannan da kuɗinsa. A yi amfani da shi yadda in wa'adin bankin ya cika abin ba zai bi shi ba. Mata su koyar da mata, wuri ya zama kusa da gida, a tashi da sauran rana, kuma abin da yarinya ta ɗinka ko ta haɗa ya zama nata ta kai wa uwarta.

Almajirai ma Alhamis da Juma'a hutunsu ne, kuma sun fi kowa yini a titi. Hukumar tsangayu ta nemi yardar alarammomi a buɗe musu ƙofa ɗaya da sauran yara, ba wata ta daban ba. Ƙauyukan Kiyawa da Jahun da Miga da Buji kuwa kada a kai musu jadawalin birni. Da damina yaro yana gona, kuma wannan ma makaranta ce. Lokacinsu shi ne bayan an kai amfani gida, sa'ad da samari ke ɗaura jaka su tafi cirani.

Saura tambayar da na fara da ita: wa zai riƙe? Ilimin matakin farko na da gini, ma'aikatar matasa da wasanni na da ƙwallo, ta mata na da 'yan mata, ƙaramar hukuma na da mai gadi. In aka ce kwamiti, an kashe maganar. A ba mutum guda, mai suna da ofis da lambar waya, wanda zai zo gabanka duk ƙarshen zango da rajista: yara nawa suka zo, su wa suka daina, me ya hana su. Masarauta kuma a shigo da ita tun farko, ba ranar buɗewa ba. Mai martaba Sarkin Dutse, Alhaji Hamim Nuhu Sanusi, yana da hakimai da dagatai da masu unguwanni a ƙananan hukumomi 7, kuma mai unguwa ne kaɗai zai iya tsayawa a ƙofar gida ya ce wa uba, ɗanka bai zo ba jiya, uban ya ji kunya maimakon ya ji haushi. Sannan a ba yaran abin hange. Dubi musabaƙar Alƙur'ani da Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ke jagoranta tun 1986: daga makaranta zuwa ƙaramar hukuma, zuwa jiha, zuwa ƙasa. Yaro na kwana yana tilawa domin ya san akwai mataki na gaba kuma za a kira sunansa a gaban jama'a. A yi wa ƙwallon unguwanni da muhawara da kacici-kacici da rubutun gajeren labari da ɗinki irin wannan tsani, a kammala a filin wasa na Dutse ko Dandalin Malam Aminu Kano sau ɗaya a shekara. Makarantar masu hazaƙa ta Bamaina tana ɗaukar 'yan ƙalilan da jarrabawa ta zaƙulo. Akwai hazaƙar da takardar jarrabawa ba ta gani.

Abubuwan da za su kashe shirin sanannu ne, gara a faɗe su tun yanzu. Za a kawo maka zanen katafariyar cibiyar matasa mai bene, domin a gini ake samun kwangila, ba a alawus ɗin mai gadi ba. Za a cika rajista da sunayen yaran da ba a haifa ba. Za a so a raba guraben masu koyarwa ta hannun 'yan siyasar mazaɓa. Za a biya wata biyu a tsaya, kuma malamin sa-kai da aka yi wa alkawari aka saɓa ba ya dawowa, yaran da suka zo suka tarar da ƙofa a rufe su ma haka. Mafi muni, duk inda aka tara yara, akwai mugun da zai nemi shiga. Jihar nan tana da dokar kare yara tun 2021. A tantance duk babban da za a ba amana, kada a bar shi shi kaɗai da yaro a ɗaki, iyaye kuma su san wanda za su kai wa ƙara.

Ban ce a game jiha a tashi ɗaya ba. A zaɓi makarantu kaɗan a cikin Dutse, a haɗa da ɗaya a Kiyawa ko Birnin Kudu don a ga yadda abin zai zauna a wajen birni. A ba su layinsu na kansu a kasafin kuɗi mai zuwa, kuɗin ya riƙa fita wata-wata tare da albashi. A gwada karatun kowane yaro ranar da ya shiga, a sake gwadawa bayan zango biyu, a liƙa sakamakon da rajistar zuwa a ƙofar makarantar inda kowane uba zai gani, a kuma karanta a Rediyon Jigawa. In an ga amfani a ƙara wasu, in ba a gani ba a faɗa mana dalili. Ranar da aka buɗe ta unguwarmu, a sa sunana cikin masu zuwa yammacin Alhamis.

Allah ya ƙara maka lafiya da basira, ya zaunar da jiharmu lafiya.

Wassalam.

Naka,
Wani uba, mazaunin Dutse.